Waƙar Turmi da Usur

A shekarar da annobar korona ta sa aka kulle garuruwa, aka rufe kasuwa da makaranta, har masallaci da coci suka zama wayam, wani abu ya faru da mutanen wani gida a Sabon Garin Zariya. Ku saurara da kyau, kada ku katse ni, don a ƙarshe hukunci kanku zai dawo.

Maigidan sunansa Malam Tanimu, tsohon direban jirgin ƙasa. Ya shiga aikin reluwe tun zamanin jirgin kwal, yana zuba wa tukunya wuta, ya gama yana direba. Ya yi ritaya da agogon hannu guda da kunnen hagu wanda ba ya ji sosai. Mutum ne mai tsari, mai taurin kai. Matarsa Hansatu, wadda kowa ke kira Inna, ta kusa shekara hamsin a ɗakinsa, kuma duk tsawon wannan zama ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. Malam take cewa, in ranta ya ɓaci kuma ta ce mutumin nan. Irin matan da ce, waɗanda ke ganin ambaton sunan miji rashin kunya ne, balle a kai ga cewa ana son sa.

Autarsu Juwairiyya ta yi karatun kwamfuta a Jos, ta zauna can tana haɗa kiɗa a wani ɗan sutudiyo. Kiɗan nata ba ganga ba garaya. Sauti take kamawa, na ƙarfe ko na ruwa ko na murya, ta yanka shi a kwamfuta, ta ja shi, ta murɗe shi, ta jera har ya zama waƙa. Matasa suna so. Malam Tanimu ya taɓa saurara sau ɗaya, ya ce injin niƙan unguwarsu ya fi wannan daɗi, shi dai ko ba komai yana ba da gari. Ta yi dariya a gabansa, amma maganar ta zauna mata a rai, kuma daga ranar ba ta ƙara kunna masa komai ba.

Ana tsakiyar kulle cutar ta kama Malam Tanimu. Aka ɗauke shi zuwa wata cibiyar killace marasa lafiya a Kaduna, inda ba a barin dangi su shiga. Aka hana mutanen gidansa fita, wato Inna, da babban ɗansu Isiyaku, da matar Isiyaku mai tsohon ciki. Hanyoyin da ke tsakanin jihohi a rufe suke, saboda haka Juwairiyya ta maƙale a ɗakinta ɗaya a Jos, daga ita sai kwamfuta da waya, sutudiyon ma an sa masa kwaɗo. Mutum uku a gari uku, ba mai iya zuwa wurin wani.

A cibiyar akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rahila, mutuniyar Wusasa. Tun da aka fara aikin ba ta koma gida ba, don kada ta kai wa 'ya'yanta cutar. Ta bar su wurin mahaifiyarta, kuma kullum da safe a waya take ganin fuskokinsu kafin ta sa kayan kariya ta shiga ɗakin marasa lafiya. Ita ce ke kiran iyalai tana ba su labari, kuma lambar Juwairiyya aka ba ta.

Labarin da ta bayar ba mai daɗi ba ne. Ta ce cutar ba ta fi ƙarfin tsohon ba, shi ne ya saki. Ba ya cin abinci. Da an juya baya sai ya cire abin shaƙar iska daga fuskarsa. An ce ya kwanta rub da ciki don huhunsa ya buɗe, ya ce shi tun da yake bai taɓa kwanciya kamar wanda za a yi wa bulala ba. Ya gaya wa Rahila cewa shi tsohon kan jirgi ne da aka tura layin gefe, a bar shi ya yi tsatsa cikin mutunci. Likita kuwa ya ce in aka ci gaba a haka, babu maganin da zai yi amfani.

An gwada haɗa shi da gida a waya. Inna ta karɓa, ta ce, "Malam, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi." Ya ce amin. Suka yi shiru su biyu, ga ɗa ga suruka a tsaye a kanta, ga ma'aikata a kansa, har aka kashe wayar.

Juwairiyya ba ta da abin yi sai abin da ta iya. Ta zauna ta haɗa waƙa mai taushi, ta rera da muryarta, cike da addu'a da kirarin uba, ta tura wa Sista Rahila. 'Yar wayar tsohon ba ta kunna irin wannan, sai Rahila ta sa tata a leda ta ɗaure, ta shiga da ita ta kara masa a kunnen dama. Bai bari an kai rabi ba. Ya juya fuskarsa bango, ya ce a kashe injin niƙan nan.

Da aka gaya wa Juwairiyya, sai ta rufe kwamfutar ta tura ta ƙarƙashin gado. Ta ce a ranta ta yi iyakar ƙoƙarinta, tsoho ne ba ya son ta da sana'arta.

Washegari Rahila ta sake kira. Ta ce akwai abin da ta lura da shi, ko yana da ma'ana ko babu, ba ta sani ba. Duk lokacin da tsohon ya ɗauka ba mai kallonsa, yakan buga yatsansa a ƙarfen gado, kuma bugun iri ɗaya ne kullum. Ta buga mata shi a kan tebur: biyu gajeru a jere, sannan ɗaya mai nauyi.

Juwairiyya ta ce ta sake bugawa. Ta sake.

Ai ta san wannan bugun. Haka Baba yake ƙwanƙwasa ƙyaure in ya dawo daga tafiya, tun tana yarinya. Kuma, yanzu da ta tuna, haka Inna take fara daka: ta taɓa bakin turmi da taɓarya sau biyu, sannan ta saki mai nauyi a ciki. Duk 'ya'yan gidan sun tashi suna jin wannan, ba wanda ya taɓa tambaya.

Ta kira gida ta ce a ba ta Inna, kuma kowa ya ba su wuri. Ta buga mata bugun, ta gaya mata inda aka ji shi.

"Auta, wa ya aike ki tonon abin da ba naki ba?"

"Inna, ba ya cin abinci."

Daga baya, da murya ƙasa-ƙasa, tsohuwar ta ba da labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. Gidan mahaifinta yana gefen layin dogo, a wani ƙauye tsakanin Zariya da Funtuwa, daidai inda jirgin kwal yake tsayawa shan ruwa. Tana budurwa, wani saurayi mai zuba kwal, baƙi ƙirin da hayaƙi, yakan roƙi direba ya bar shi ya ja igiyar usur in sun iso, ya busa biyu gajeru da ɗaya dogo. Ita kuma daga bayan danga sai ta amsa da taɓarya. Sun daɗe a haka kafin su taɓa yin magana baki da baki. Har 'yar waƙa ta ƙirƙira tana yi a kan dakan, amma shi kaɗai ya taɓa jin ta, shi ma kafin a haifi Isiyaku.

Juwairiyya ta ce wannan waƙar take so, da muryar Inna, da turmin Inna.

Inna ta ce ashe Jos ta cinye mata kunya. Ita da jikoki, ta buɗe baki ta yi waƙar 'yan mata, a ɗauka a waya, a kai ɗakin da ke cike da mazan mutane? Gara a ce ta fita kasuwa ba mayafi. Juwairiyya ta yi mata alkawari biyu. Na farko, za ta sauya muryar a kwamfuta yadda ko Yaya Isiyaku ya ji ba zai gane ta ba. Na biyu, waƙar ba za ta taɓa fita duniya ba, mutum ɗaya aka yi wa ita. Inna ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce dai a kashe waya, kati yana ƙonewa.

Da hantsi ta sa Isiyaku ya jawo tsohon turmi daga bayan ɗaki, wanda aka daina amfani da shi tun da injin niƙa ya zo unguwa. Ta wanke shi da kanta. Ta sa surukarta ta nuna mata inda ake dannawa a ɗauki murya, sannan ta kore su su biyu zuwa zaure, ta ce wanda ya leƙo ba ta yafe ba. Kafaɗunta sun daɗe da daina son taɓarya, amma ta zuba gero ta daka. Ta rera waƙar. Muryar ta tsufa, tana rawa, numfashi yana yanke mata a tsakiyar baiti.

*Jirgi ya sha ruwa ya tashi,*
*ni ban sha ba, ina tsaye.*
*Mai usur, in ka wuce ka dawo,*
*gero na turmi, ban sheƙe ba.*

Da ta gama ba ta danna wurin tsayawa nan da nan ba. Ana jin ta tana haki, ana jin kaza tana tsattsagar geron da ya zube. Sannan ta matso da bakinta kusa da wayar ta ce, "Tanimu. Ka ci abinci."

Wannan saƙo ne ya iso Jos. Juwairiyya ta saurare shi sau ɗaya, ta cire abin kunne ta ajiye, ta fita tsakar gida ta tsaya tana kallon bango. Abin da ta ji ba abin da ɗiya ya kamata ta ji ba ne. Ga shi kuma aikin yana bukatar ta ji shi ba adadi, gaɓa gaɓa, numfashi numfashi. Ta jawo kwamfutar daga ƙarƙashin gado.

Ba ta da kayan kiɗa ko ɗaya a ɗakin. Ta yanko bugun turmin ta mai da shi ƙashin bayan waƙar, biyu gajeru ɗaya mai nauyi. Usur kuwa ba inda za ta samo na jirgin kwal, sai ta hura bakin kwalbar lemo, ta ɗauka, ta ja sautin ta kumbura shi, ta yi ta gyara har ya zama usur sosai. Ta roƙi surukar gidan ta ɗauko mata kukan ƙyauren zaurensu, wanda Baba ya daɗe yana cewa zai sa wa mai bai sa ba. Ta roƙi Rahila ta ɗauko mata hucin na'urar iskar da ke gefen gadonsa, ta mai da shi hucin tururin jirgi, don abin da yake gudu ya zama abin da ya sani.

Rahila kuma ta ba ta wata shawara. Ta ce numfashin tsohon yana sauri kamar na wanda aka koro, kuma abin da suke nema shi ne ya lafa. Sai Juwairiyya ta yi abin da ba a yi a waƙar rawa. Ta fara kiɗan daidai da saurin numfashinsa, sannan ta riƙa rage shi kaɗan kaɗan, yadda mai sauraro ba zai lura ba, kamar jirgi yana shiga tasha.

Saura murya. Don cika alkawari ta ɗaga muryar Inna sama, ta sirantar da ita, ta goge rawar tsufa, ta cike gurbin numfashin da ya yanke. Nufinta ɓoyewa ne kawai. Da ta kunna ta ji, sai ga muryar wata yarinya wadda ba ta taɓa sani ba, siririya, mai ɗan rawar kai, tana waƙa daga bayan danga. Kalmomin ƙarshe kaɗai ta bari yadda suke, da muryar tsohuwa da hakinta, bayan kiɗan ya tsaya cak.

Ta san wannan ne abu mafi kyau da hannunta ya taɓa yi, kuma ta san ba wanda zai ji shi ya ce nata ne. Ta tura.

Rahila ta sake ɗaure wayarta a leda ta shiga. Tsohon ya ga wayar ya ɗaga hannu alamar a'a. Ta ce, "Baba, wannan ba daga Jos kaɗai ta fito ba. In ba ka so bayan ka ji farkonta, ni da kaina zan kashe." Ta sa masa abin ji a kunnen dama.

Ƙyaure ya yi kuka. Usur ya busa, biyu gajeru ɗaya dogo. Turmi ya amsa. Rahila ta ce ta ga yatsansa ya tsaya a kan ƙarfen gado. Da yarinyar ta fara waƙa sai ya buɗe ido ya dubi ƙofa, kamar mai jiran wani ya shigo. Ya saurara har ƙarshe, har kalmomin nan uku da sunansa a gabansu. Bai yi kuka ba, ba irinsa ba ne. Ya ce, "'Yar nan, sake kunna mini." Ta sake. Da ta ƙare karo na biyu ya tambaya ko akwai sauran kunun safe.

Ya sha rabin kofi. Da la'asar ya yarda aka juya shi rub da ciki, bisa sharaɗin a bar masa abin nan a kunne. Rahila ta tsaya tana kallon bayansa yana ɗagawa yana sauka, yana bin kiɗan, yana lafawa tare da shi.

To, a nan ne abin ya zo kanta. Ta gane in ta fita da wayar, ta fita da abin da ke riƙe da shi, kuma ba ta da wata. Ta bar masa ita a ƙarƙashin matashi, ta koya masa inda zai danna. Daga ranar har aka sallame shi ba ta ƙara ganin fuskar 'ya'yanta da safe ba, sai dai in ta ari wayar abokiyar aiki ta ji muryarsu a gurguje. Ƙaramin ya fara tafiya a wannan tsakanin, labari kawai ta ji.

Malam Tanimu ya warke. Ya koma gida a rame, yana dogara sanda, ya tsaya a ƙofar zaure ya ƙwanƙwasa yadda ya saba. Inna ta fito ta ce, "Malam, sannu da zuwa," ta karɓi ledar kayansa ta wuce ciki, kamar daga kasuwa ya dawo. Ba ta ƙara faɗin sunan ba, shi ma bai tayar da maganar ba. Amma turmin ba a mai da shi bayan ɗaki ba.

Da aka buɗe hanya Juwairiyya ta zo. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta ya ce usur ɗin nan nata ya ɗan yi kauri, na jirginsu ya fi siriri. Ya tambaye ta a ina ta samo shi. Ta ce kwalbar lemo ce. Ya girgiza kai ya ce, "Kwalbar lemo." Daga baya an ji shi a zaure yana gaya wa wani tsohon abokin aikinsa cewa autarsa injiniya ce, jirgi sukutum ta ƙera da kwalba da turmi. Abokin ya ce a kunna masa ya ji. Malam Tanimu ya ce wannan jirgin fasinja ɗaya yake ɗauka.

A makon ne matar Isiyaku ta sauka, aka samu 'ya mace. Isiyaku ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce zaɓin suna nasa ne. Tsohon ya ce ba zai je nesa ba. Mata uku ne suka jawo shi daga layin gefe, kuma sunan ɗaya daga cikinsu jaririyar za ta ci. Ya gaya wa gidan da abokin nan nasa abin da kowacce ta yi, ban da kalmomin da ke cikin waƙar, waɗanda ya ce ba na kunnensu ba ne. Nan gardama ta tashi.

Isiyaku ya ce Inna ce. Bugun nata ne, waƙar tata ce, kuma da ta riƙe bakinta yadda ta riƙe shi shekara da shekaru, da ba abin da za a haɗa, ba abin da za a kai. Ita ta ba da abin da in an bayar ba ya dawowa, kunyar da ta tsare tun tana amarya, ta ajiye ta a gaban 'yar cikinta.

Mai jego ta ce Sista Rahila ce. Ita ba 'yar gidan ba ce, tsohon ba jininta ba ne, ba addininsu ɗaya ba, kuma da ta tsaya a kan allura da magani ba wanda zai zarge ta. Ita ta ga bugun yatsan da 'ya'yan cikinsa suka tashi suna ji ba su taɓa lura ba, ita ta san numfashinsa, ita ta shiga inda kowa ke gudu, ta kuma ba da ganin 'ya'yanta don uban wasu ya rayu.

Tsohon abokin nan na reluwe ya ce Juwairiyya ce. An haɗa Malam da Inna a waya, me ya fito? Ya jiki, da sauƙi. Muryar tsohuwa da bugun turmi a saƙon waya ba su ne suka buɗe masa ido ba, yarinyar bayan danga ce, kuma wannan yarinya ta shekara hamsin da ɓacewa sai da auta ta tono ta. An wulaƙanta sana'arta sau biyu ta dawo ta yi, ta yi abin da ya fi komai nata kyau, ta kuma binne shi da hannunta.

Su ukun kuwa ba wadda ta nema, ba kuma wadda ta ce ba ta cancanta ba. Inna ta ce ita daka kawai ta yi. Rahila, da aka kira ta, ta ce aikinta ne. Juwairiyya ta yi murmushi ta ce a tambayi fasinjan.

Ranar suna ta zo. An ɗaure rago, liman ya zauna a zaure da 'yan mutanen da doka ta yarda su taru, kowa da takunkumi a fuska, ana jiran Malam Tanimu ya sunkuya ya raɗa masa suna a kunne. Kada wani ya ce mini a haɗa sunaye uku, ko a jira wata haihuwar. Jaririya ɗaya ce, suna ɗaya ake yanka wa rago. Yarinyar tana nan, ta shiga makaranta, kuma sunan da aka sa mata ba ɓoyayye ba ne, amma ba za ku ji shi ba sai kun faɗi naku.

To, da ku ne a zaune a wurin Malam Tanimu, liman ya miƙo kunne, sunan wa za ku raɗa masa: Hansatu da ta buɗe baki, ko Rahila da ta lura ta kai, ko Juwairiyya da ta ƙera jirgin?